Daga Bara zuwa Saiti

Da farko bindigar Kawuna ba ta da saiti. Na daɗe ban lura ba, domin sai da na shekara goma sha biyu na san akwai wani abu wai shi saiti. Adaka ce doguwa, ta fi ni tsawo a lokacin. Ƙotarta ta yi baƙi ƙirin don gumi da man kaɗanya, an ɗaɗɗaure ta da bututun da zoben gwangwani da fatar akuya, ga layu uku suna reto kusa da kunama. A zaure take kwana, can sama inda hannun yara ba ya kai. A ƙarƙashinta, jikin wata ƙusa, akwai kan burtu: dogon baki, wuyan itace lulluɓe da baƙar fata, an jera masa jajayen 'ya'yan idon zakara da danƙo. In baƙo ya yaba bindigar, sai Kawu ya nuna kan burtun da haɓa ya ce, "Ga mai aikin nan. Ita waccan ƙarasawa kawai take yi."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, maharbi ɗan maharbi. A Turawa ta ƙasar Karaye aka haife shi, nan kuma kabarinsa yake. Ba ya son a ce masa mafarauci. A wurinsa 'yan farauta su ne taron rani, masu karnuka da gora da makaɗa, waɗanda za su tashi gari guda su kewaye daji da ihu, a kashe zomo ɗaya mutum biyar su yi ta ja-in-ja a kansa. Maharbi shi kaɗai yake fita, tun assalatu, ba kare ba kiɗa. Sau da yawa harbi ɗaya ne rabonsa na yini, don kafin ya sake ɗura albarushi ya daka, daji ya watse.

Sau ɗaya tak ya yarda na bi shi zuwa wata fadama da ke gangarawa kogin Challawa, da sharaɗin in kwanta bayan suri, kada in motsa ko da cinnaka ya shiga wandona. Ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta nufa. Ya ɗaura kan burtun a goshi, ya yafa baƙin bargo, ya durƙusa. Daga nan ban ƙara ganin Kawu ba, tsuntsu nake gani. Ya yi taku biyu ya sunkuya kamar mai caccakar ƙasa, ya ɗago, ya karkata kai, ya ratse hagu kamar ba ruwansa da garken zabin da ke kiwo a gabansa. Bindigar tana biye da shi a ƙasa, ƙarƙashin bargo. Tazarar da yaro zai cinye da gudu cikin numfashi uku, Kawu ya fi rabin sa'a a kanta. Da ya rage kamar taku ashirin sai na ga bakin bindiga ya leƙo, sai ƙara, sai farin hayaƙi. Kafin hayaƙin ya washe har ya yar da bargo, wuƙa a hannu, yana gudu yana bisimilla, don ya riski abin da ya faɗi da sauran rai ya yanka.

Abin da ya yi dab da jan kunama, shi tsofaffi ke ce wa bara. Kalmar ta zamanin baka ce: mutum ya ɗana kibiya, ya baraci nama, ya saki. Idanu biyu a buɗe, dukansu a kan dabba, hannu ne ke bin ido. Da adaka ta maye gurbin baka, maharbi bai canza ido ba, kuma yana da hujja. Cikin bututun adaka sumul yake, ba tsagi. Abin da aka ɗura, gutsattsarin dalma ne ko na ƙarfe, yana fita ne yana karo da bangon bututun, ga shi ba harbi biyu da albarushinsu ke zuwa daidai wa daida tunda da tafin hannu ake awo. Ko da zinariya aka yi mata saiti, bayan taku talatin ko arba'in sai abin da Allah ya yi. Shi ya sa gwanintar maharbinmu ta sauka ƙafa da gwiwa. Abin da bindiga ta kasa, sanɗa ke biya.

Ƙasarmu ta san makami tun bindiga ba ta zama abin kowa ba. Karaye bakin iyaka ce tsakanin Kano da Katsina. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wajen 1618 zuwa 1623, a Karaye Kanawa suka gwabza da Katsinawa suka rinjaye su, daga baya Wambai Giwa ya tare a garin yana kai wa Katsina hari. Da dawaki aka lissafa ƙarfin Wambai, ba a ambaci bindiga ba. Kundin ya haɗa bindiga da Dagaci, babban baƙon da ya zo daga Barno a zamanin Sarki Dauda cikin ƙarni na 15, ko da yake masana da dama suna ganin lokacin ya yi wuri. Wanda ya fi zama a zuciya shi ne na zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, lokacin da garkuwoyi suka shigo daga Nufe, bindigogi ma suka shigo. Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Jikokin wannan al'ada su ne masu tashin adaka a hawan salla har yau, su cika gari da ƙara da ƙaurin albarushi.

Duk da haka baka ta daɗe tana riƙe da fagen fama. A Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka tsaya wa jama'ar Shehu Usmanu a gaban dawakin Gobir. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta dubban mutane tana yaƙar Gobirawa a 1826, bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwanin baka zai saki kibiya da yawa kafin ɗan bindiga ya gama daka ɗaya, ga dafin kwankwani a bakin kibiyar, ga shi ruwan sama ba ya lalata masa guzuri. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yawaita a Kano, galibi a hannun bayin sarki, ta kuma yi aiki a Basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso ganuwar Kano ta hanyar Bebeji, da igwa da bindiga mai aman harsashi, Sarki Alu ba ya gari. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, sojoji 45 ko kusa da haka suka tare dawakin Kano da bindigogi masu tsagi da saiti, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Ban taɓa karanta labarin ranar nan ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, tazara ce ba su da ita.

Kuma da gangan aka hana mu tazarar. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka yi yarjejeniya cewa a mafi yawan Afirka ba za a sayar wa 'yan ƙasa bindiga mai tsagi ba, sai mai ƙanƙara mai sumul ɗin ciki da albarushin kasuwa. Irin wannan ce Turawa ke kira bindigar Danmak, saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bi wannan sawu. Ta kasa bindigogi kashi uku: haramtattu irin na soja, sai na mutum ɗaya irin na harbin tsuntsu da na wasa waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki. Talakan ƙauye a kashi na uku ya tsaya. Da bindigogin bakin teku suka yi wuya, maƙeranmu suka karɓi aikin, bututun ruwa da sandar sitiyarin tsohuwar mota suka zama bututun bindiga. Wasu suka yi ƙarko, wasu suka fashe a hannun masu su. Cikin abokan Kawu akwai mai yatsu uku a hannun hagu. Wanda ya ga irin wannan ba zai manna kumatunsa a ƙota ba, zai nisanta fuska ya runtse ido. Mai nisanta fuska kuwa, me zai yi da saiti?

A ranin 1971 aka turo wani malamin gona yankinmu. Yana da 'yar siririyar bindiga da lasisinta, saboda birai da ke yi masa ɓarna a gonar gwaji. Mai lamba .22 ce. Harsashinta bai fi gaɓar yatsa ba, ƙwayar dalmar kamar ƙwayar wake, nauyinta giram biyu da rabi da ɗoriya. Kawu ya jujjuya harsashin a tafin hannu yana neman inda wuta ke kamawa, bai gani ba, gindin kwanson shafe yake. Daga baya, da na zama malamin makaranta na samu abin karantawa, na gane cewa sinadarin tada wutar a cikin leɓen gindin kwanson yake, zagaye, allurar bindiga kuma gefen take duka, ba tsakiya ba. Wani Bafaranshe, Flobert, shi ya fara wannan dabara a 1845. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da gajeren harsashin a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fitar da dogon, wanda ya cika duniya. Ba ta da ƙara sosai, ba ta dukan kafaɗa, harsashinta da araha, shi ya sa sojan Ingila suka daɗe suna koya wa sababbin kurata harbi da irinta. Har gobe da ita ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik, ba tare da tabarau mai jawo nesa ba, kuma tsakiyar abin harbin faɗinta milimita 10.4 ne kacal.

Malam ya kawo ta zauren Kawu ne da ƙorafi. Ya ce, "Baba, bindigar nan son hagu gare ta. Ko za ka duba mini?" Kawu ya karɓa, ya tsaya yadda ya saba, ya baraci wata ɗiyar kuka da ke reto, ya harba sau uku. Ko girgiza ba ta yi ba. Mutumin da bai cika komowa gida hannu rabbana ba, ga shi yara na kallo. Bai yi fushi ba, ya dai ce a kira masa Baba Soja.

Baba Soja tsohon soja ne, yana cikin 'yan Arewan da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a rundunonin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ya dawo ya kama noma. Da ya zo bai fara da bindigar ba. Ya zaga ya samo wani ƙaton suri, ya ce a jikinsa za a kafa takarda, don wannan 'yar ƙwayar da ake rainawa tana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, in kuma ta bugi ruwa ko dutse takan yi tsalle ta sake hanya. Sai da ya tura ni na leƙa bayan surin na tabbatar ba makiyayi ba dabba. Ya zana baƙin da'ira da gawayi, faɗin bakin kofin shayi, ya ƙirga taku ashirin da biyar. Ya sa aka cika buhu da yashi, Malam ya kwanta rubda ciki ya ɗora gaban ƙotar a kai.

"Harbi biyar, Malam. Wuri ɗaya za ka auna. Kada ka gyara komai, ko ka ga sun nufi Zariya."

Muka je muka duba. Ɗaya sama, biyu hagu, ɗaya ƙasa, na biyar ba a ga inda ya bi ba. Baba Soja ya ce, "Malam, in da laifinta ne, da duka biyar sun taru wuri ɗaya, ko da ba inda ka nufa ba ne. Watsuwa ta mutum ce." Ya kwanta da kansa, ya harba biyar, a tsakanin kowanne yana hutawa kamar mai jan carbi. Ya ciro kwabo mai huji daga aljihu ya ɗora a kan takardar, kwabon ya rufe hujojin duka, yatsu biyu hagu da baƙin. "To, waɗannan yatsu biyun su ne nata." Ya nemi guntun farin ƙarfe mai taushi da 'yar guduma, ya ɗan ƙwanƙwasa saitin baya zuwa dama, abin da bai fi kaurin zare ba. Ƙa'idar, in ji shi, saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma, na gaba kuwa saɓanin haka. Kuma ba a taɓa saiti sai harbi ya taru.

Shekaru da yawa na yi ina ba 'yan aji shida wannan lissafi ba tare da na gaya musu inda na samo shi ba. In tsakanin saitin baya da na gaba santimita 50 ne, ka kauce da milimita 1 a wurin daidaita su, to a mita 50 ka kauce da santimita 10. Kaurin ƙwayar gero a nan, faɗin tafin hannu a can. Dalilin ke nan da doguwar bindiga ta fi gajeriya sauƙin saiti, kuma dalilin da ya sa Baba Soja ya nace a kan abin da ya jawo gardamarsu da Kawu.

Saitin nan ƙarfe biyu ne: na baya mai giɓi, na gaba ɗan tsinke a kan bakin bindiga. Tsinken zai zauna tsakiyar giɓin, haske daidai ta kowane gefe, kansa daidai da kafaɗun giɓin. Sannan a ɗora baƙin da'irar a kan tsinken, yadda mace ke ɗora ƙwarya a kan gammo. Abu uku ke nan a nisa uku, ido kuwa ɗaya kawai yake iya gani tar a lokaci guda. Baba Soja ya ce a ba tsinken gaba ido, a bar giɓin da abin harbin su yi hazo.

Kawu ya ce, "Yaya, ban gane ba. In ɗauke ido daga nama in kalli ƙarfe?"

"Haka na ce, Baushe."

"Shekara talatin ina kallon nama. Kunnensa ke gaya mini zai tashi, wutsiyarsa ke gaya mini ya ji ni."

"Ka gama wannan kallon kafin ka ɗaga bindiga. Da ta hau kafaɗa, nama ya gama magana, saura ƙarfe."

Na daɗe ina juya wannan gardama, kuma har yau ban ga wanda ya yi kuskure a cikinsu ba. Kawu yana faɗin gaskiyar taku ashirin, inda dabba ke jin numfashinka. Baba Soja yana faɗin gaskiyar bututu mai tsagi, wanda ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe, ya kai duk inda ƙarfen ya nuna, ba inda zuciya ta so ba. Abin da ya burge ni shi ne Kawu, da girmansa da sunansa, ya kwanta a ƙasa gaban yara ya ce a koya masa.

Ciwonsa na gaske ba a ido yake ba ma. Baba Soja ya juya baya kamar yana ɗura harsashi, ashe kwanson da aka riga aka harba ya mayar. Kawu ya auna, ya ja kunama, ƙyas, ba ƙara, amma dukanmu muka ga bakin bindigar ya yi ƙasa, idonsa a runtse, kansa ya janye daga ƙota. Jikinsa yana kare kansa ne daga dukan adaka da tartsatsinta, dukan da wannan ba ta yi. Kwana da kwanaki suka yi a kan wannan kaɗai. Kumatu ya zauna wuri ɗaya a ƙota kowane harbi. Kada a karkata bindiga, don in ta karkata harsashi gefen zai bi ya kuma yi ƙasa. A ja numfashi, a saki rabi, a tsaya. A matsa kunama da tsokar yatsa a hankali, kamar mai tatsar akuya, har harbin ya fita ba tare da mutum ya san lokacin ba. Bayan ya fita kuma a ci gaba da kallon tsinken, kada a yi saurin ɗago kai don ganin abin da ya faru.

Wata rana da hantsi harbin Malam ya koma gefe guda gaba ɗaya, har ya miƙa hannu zai ɗauki guduma. Baba Soja ya riƙe hannun. Ya nuna masa yadda kan tsinken ya goge yana ƙyalli: rana na dukansa ta dama, ido ya ɗauki ƙyallin a matsayin tsakiya, harbi ya gudu hagu. Ya kunna fitilar aci-balbal ya riƙe tsinken a kan hayaƙinta har ya yi baƙi, harbi ya dawo gida. Ya kuma hana su gwaji in iskar hunturu ta taso, don ƙwayar ba ta da nauyi, iska na ture ta. Da suka matsa zuwa taku ɗari suka ga harsashin da ke zama daidai a hamsin ya faɗo kusan taƙi guda. Kawu ya dubi wannan ya ce ashe ita ma tana da iyakarta, kuma shi a kan mai rai ba zai wuce hamsin da ita ba.

A nan ne na fara jin ya musa karin maganar nan da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Malam ne ya kawo ta, yana yaba wani harbi da ya shafi gefen baƙin. Kawu ya ce wanda ya yi wannan magana bai taɓa bin sawun jini ba. In ka kuskure, dabba ta tafi da lafiyarta, kai ka koma da yunwarka, ba wanda ya ci haƙƙin wani. In ka harba a wutsiya ko a ciki, ta tafi ta ruɓe a kurmi kwana uku, ta mutu mushe, ba kai ba ita. Tun daga ranar na lura cewa kalmar da muke amfani da ita ga kowane irin laifi na rashin sani, kuskure, kalmar maharba ce.

Damina biyu Malam ya yi aka ɗauke shi, ya tafi da bindigarsa. Kawu bai taɓa mallakar irinta ba, lasisi da harsashi sun fi ƙarfin aljihunsa. Amma ya kai adakarsa maƙera, aka kafa mata 'yar ƙwayar tagulla a baki, aka gurza mata giɓi a baya. Bai ce ta ƙara nisa ba, kuma ba ta ƙara ba. Ya dai ce ƙwayar tana hana shi ɗago kai. Maharba biyu ko uku a yankin suka kwaikwaya, saura suka ce burtu ya ishe su.

Dajin kuwa yana ta janyewa. Gwanki da kanki tun a bakin kakanni muka ji su. A zamanin Kawu saura gada da zomo da zabi da fakara, sai mugun dawa jefi-jefi. Gonakin masara da rake suka ci kurmi daga nan har ƙasar Rogo, masu itace suka ƙarasa. Tsakanin 1990 da 1992 aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8. Ruwa ya kwanta a kan fadamar da na ga Kawu ya zama burtu. Madatsar ta kawo kifi da noman rani, ba mai musun wannan, kuma 'ya'yan maharba da yawa a Turawa yau masunta ne, sun san koma da kwalekwale fiye da kunama. Waɗanda suka ƙi sakin gadon gida sai su yi ta kudu, su yi watanni a dazuzzukan da ba su san harshen mutanensu ba.

Sunan ma an ƙwace mana. A bakin kakanni, 'yan bindiga su ne dogaran albarushi da ke gaban sarki ranar hawa. Yau in rediyo ta ce 'yan bindiga, uwa sai ta ƙirga 'ya'yanta. Maharba ne suka taimaka wa soja a Adamawa a 2014 lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, da irin waɗannan adaka. Amma a watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko maharba 'yan jihar Kano suna komowa gida salla, aka ga adaka a cikin kayansu, aka kashe mutum 16. Ranar da na ji labarin na shiga zaure na daɗe ina kallon ta Kawu, wadda har yanzu ke rataye inda ya bar ta.

Shi bai ga wannan zamani ba. Ya ajiye harbi tun kafin ruwa ya rufe fadama, kuma na san ranar. Idonsa na nesa garau yake, yana hango zabuwa a inda ni ban ga komai ba, amma na kusa ya fara gajiya, ƙwayar tagullar ta zama biyu, giɓin ya narke. Wata safiya ya harbi gada ya same ta a cinya. Ya bi jini yini guda, ya kwana a daji, ya sake bi har ya shiga ƙasar Rogo, jinin ya ɗauke a kan fa. Ya dawo da magariba, ya wanke bututun da ruwan zafi, ya shafe shi da mai, ya rataye.

Na tuna Baba Soja, wanda a lokacin ya riga mu gidan gaskiya, ya taɓa cewa akwai bindigogin da saitinsu na baya ɗan huji ne maimakon giɓi, ido ya leƙa ta ciki ya nemo tsakiya da kansa. Na kuma karanta cewa wani Ba'amurke, William Lyman, ya yi suna da irin wannan tun 1879, kuma ƙaramin huji yana taimakon idon da ya manyanta. Na samo guntun baƙar fata na huda shi da ƙayar aduwa, na kai masa zaure bayan la'asar. Na sauko da bindigar na miƙa masa.

"Kawu, leƙa ta nan ka ga."

Ya kafa ƙota a kafaɗa, ya manna kumatu, na riƙe masa fatar dab da ido. Ya auna kututturen dabino da ke bakin masallaci. Na ji ya ja numfashi, ya saki rabi, ya tsaya. Ya daɗe a haka.

"Ga ta nan kuwa," in ji shi. "Guda ɗaya, tar, kamar ranar da maƙeri ya kafa ta."

Ya sauke bindigar ya ɗora a cinya, ya shafa ƙotar da tafin hannu. Ya karɓi fatar ya jujjuya, ya sa a aljihun gaba inda yake ajiye goro. Sannan ya miƙo mini bindigar da hannu biyu ya ce, "Mayar da ita, ɗan nan. Ka ɗaga ta sosai, yara sun fara tsawo."